Dodon Najeriya: Labarin Christian Okoye, ɗan Inugu da ya girgiza ƙwallon Amurka

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Yau wasanni za mu taɓa, amma 'yan Madrid da 'yan Barca ku ɗan ajiye makamanku, yau babu musun Laliga, babu na Firimiya. Amurka za mu leƙa, mu duba wani wasa da yawancinmu a fim kawai muke gani, wanda ƙarti ke sa hular kwano su cusa abu a kafaɗa su riƙa karo da juna kamar raguna. A cikin wasan nan akwai wani ɗan ƙasarmu da ya taɓa fin kowa a faɗin Amurka, kuma na tabbata da yawa cikinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Sunansa Christian Okoye.

Abin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne, mutumin nan bai taɓa buga wasan ba sai da ya kai shekara 23. Shekara biyar bayan nan, a 1989, babu wanda ya kai shi gudu da ƙwallo a babbar gasar ƙasar, wato NFL. Kuma abin da ya tura shi wasan wata ƙofa ce da aka rufe masa a gida. To ku gyara zama, don labarin yana da daɗi, yana kuma da ɗaci.

Bari mu fara da wasan kansa, don kada in bar wasu a baya. Amurkawa suna ce masa ƙwallon ƙafa, amma kusan duk da hannu ake yin sa. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon ma ba zagayayyiya ba ce, kamar gwanda take, mai tsini gaba da baya. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da tela ke auna maka shadda da shi, wanda bai cika mita ɗaya ba. A kowane ƙarshe akwai wani yanki mai yadi 10. In ka shiga yankin abokan hamayya riƙe da ƙwallo, ka ci maki 6, shi ne suke kira tachdawun. In ka buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna, maki 3 ne.

Ga inda wahalar take. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ce ta cin gaba. Ko dai jagoran hari, wanda suke kira kwatabak, ya jefa wa wani ya cafe, ko kuma ya danƙa wa wani a hannu ya ruga da ita ta cikin mutane har sai an kayar da shi. Kun gane? Duk yadin da aka ci rubuta shi ake yi. Amurkawa ba sa wasa da lissafi, shi ya sa yau za mu iya faɗin yadi nawa mutum ya yi shekara talatin da wani abu da suka wuce.

To mene ne fulbak? A bayan kwatabak akan tsayar da masu gudu biyu. Ɗaya siriri ne mai zilliya, aikinsa ya kauce wa mutane. Ɗayan kuma, wato fulbak, shi ne ƙaton. Yawanci aikinsa ya shiga gaba ya banke mai tsaro, ya buɗe wa abokinsa hanya. In kuma saura yadi ɗaya ko biyu a ci, shi ake ba ƙwallo ya sunkuyar da kai ya fasa taro. Aikin gadi da dako ne a haɗe, yabo kaɗan, duka da yawa. Jefi-jefi akan sami fulbak da ƙungiya ke ɗora dukan harinta a kansa, kamar Jim Brown na Cleveland a shekarun 1950 da 1960. Okoye yana cikin irin waɗannan.

An haifi Christian Okoye a Inugu ranar 16 ga Agusta, 1961. Ku lissafa, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 yana dab da cika shekara shida, kuma Inugu ita ce hedikwatar Biyafara ta farko. Ke nan yarintarsa a cikin yaƙi ta fara. Da ya taso, ƙwallon ƙafa irin tamu yake bugawa kamar kowane yaro. Daga baya jiki ya buɗe, sai ya koma wasannin guje-guje da jefe-jefe. A nan ya gano baiwarsa, musamman jifan faifai, da jifan dalma, da jifan guduma.

A lokacin akwai wani ɗan tseren Najeriya, Innocent Egbunike, da ke karatu a wata ƙaramar jami'a a jihar Kalifoniya mai suna Azusa Pacific. Shi ne ya yi wa mai horar da su maganar abokinsa da ke gida. A 1982 Okoye ya sauka Amurka da gurbin karatu na wasanni, yana ɗan shekara 21. Ku lura da wannan, don za mu dawo kansa. Ta makaranta ya shiga, kuma ɗan'uwansa ɗan wasa ne ya riƙe masa ƙofa. Azusa ba ta cikin manyan jami'o'in da ake nunawa a talabijin. A lokacin tana fafatawa ne a rukunin ƙananan makarantu da ake kira NAIA. A can Okoye ya ci kambun ƙasa sau da dama a jefe-jefen nan.

Burinsa ɗaya ne, ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984. Kuma abin mamaki, a Los Angeles za a yi gasar, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga makarantarsu. Ya sha faɗa a hirarraki cewa jifansa ya kai mizanin da ake nema. Da aka fitar da sunayen tawagar Najeriya, babu nasa. Abokinsa Egbunike ya je, har ya ciyo tagulla tare da Sunday Uti da Moses Ugbusien da Rotimi Peters a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Peter Konyegwachie kuma ya ciyo azurfa a dambe. Shi kuwa Okoye ɗan kallo ya zama a gasar da ake yi a ƙofar gidansa.

Nan fa ina so mu ɗan tsaya. Mu Hausawa mukan ce wani hanin ga Allah baiwa ne, kuma gaskiya ne, don ƙarshen labarin Okoye ya yi kyau. Amma kada karin maganar ya sa mu daina tambaya. Shi ya dace yana wata ƙasa inda akwai wata ƙofar a kusa. Yaron da aka cire sunansa daga tawagar jiha ko ta ƙasa yana zaune a unguwarsu, ba makaranta, ba fili, ba mai horarwa, wace ƙofa ce ta biyu gare shi? Yawanci babu. Shi ke nan, baiwar ta tafi. Kowannenmu ya san irin wannan yaron. Ba wanda zai yi shiri a kansa, don labarinsa bai kai ko'ina ba.

To mu koma. Ran Okoye ya ɓaci sosai, har ya ji jifan ya fita masa a rai. Abokansa a makaranta dama sun daɗe suna damunsa da cewa jikin nan naka na ƙwallon Amurka ne. Shi kuma da ya fara kallon wasan bai burge shi ba, gani yake ana tsayawa fiye da yadda ake wasa. Amma a 1984 ɗin ya je wurin mai horar da ƙungiyar makarantar ya ce zai gwada. Komai daga farko aka koya masa: yadda ake riƙe ƙwallo kada ta suɓuce, inda ake tsayawa, ramin da za a bi tsakanin manyan 'yan gaba, da ma'anar lambobin da kwatabak ke kira kafin a fara. Sa'o'insa tun suna firamare suke wannan abin. Shi yana koyon baƙaƙe, su sun sauke.

Amma yana da abin da ba a koyarwa. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 1, nauyinsa wajen kilo 115, kuma an auna shi yana cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45. Don ku gane, wannan gudun na siraran 'yan wasa ne masu kilo 85 ko 90. Ka ɗauki buhun shinkafa biyu na kilo 50, ka ƙara wani abu a kai, ka ce su taho maka da wannan gudun. Kuma jifan faifai da ya yi shekaru yana yi bai tafi a banza ba. Mai jifa da ƙugu da cinya yake aiki, ya san yadda ake tattara ƙarfin jiki gaba ɗaya a sake shi lokaci guda. Da wannan ƙarfin yake ture mutane. Kaka uku kacal ya buga a jami'a, amma kafin ya gama, masu farautar 'yan wasa na NFL sun fara zarya zuwa wannan ƙaramar makarantar.

Sai dai akwai masu shakka. Suna cewa ai yara ƙanana yake turewa a rukunin ƙananan makarantu, bari ya haɗu da manya. A farkon 1987 aka gayyace shi wasan da ake kira Senior Bowl, inda ake tara fitattun ɗaliban shekarar ƙarshe daga ko'ina a ƙasar. Ya ci tachdawun huɗu a wasan. Bakin masu shakka ya mutu.

A Amurka ba sayen matashi ake yi daga makarantar horo kamar yadda kulob-kulob ɗin Turai ke yi ba. Kowace shekara ƙungiyoyi na zama su zaɓi ɗaliban jami'a bi da bi, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. A zaɓen 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs, da ke jihar Mizuri, ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 a jerin gaba ɗaya. Yana dab da shekara 26, alhali yawancin waɗanda aka zaɓa tare da shi 'yan 22 ne. Ke nan tun ranar farko lokacinsa ƙidayayye ne.

Shekararsa ta farko 'yan wasan NFL suka tafi yajin aiki, kakar ta gajarce, duk da haka ya yi yadi 660. A 1988 rauni ya dame shi, har da karaya a babban yatsa, ya tashi da yadi 473. Ƙungiyar ma a lokacin ba ta da kataɓus, wasa huɗu-huɗu kawai ta ci a kowace daga cikin shekarun biyu. In da a nan labarin ya tsaya, da yau ba mu zauna muna maganarsa ba.

A 1989 aka kawo sabon mai horarwa, Marty Schottenheimer. Shi mutumin nan salon wasansa ba ɓoyayye ba ne. A riƙe ƙwallo a ƙasa, a yi ta dukan abokan hamayya har su gaji, a tsare gida da kyau. Da ya ga Okoye, sai ya ga abin da yake nema. A kakar nan an danƙa wa Okoye ƙwallo sau 370, kusan sau 25 a kowane wasa. Ya yi yadi 1,480, ya ci tachdawun 12. Babu wanda ya kai shi a NFL a shekarar. Aka zaɓe shi cikin gwanayen gasar, ya je wasan taurari da suke kira Pro Bowl. Ƙungiyar da ta saba cin wasa huɗu ta ci takwas, shekara ta gaba ta ci 11 ta shiga zagayen neman kofi.

Akwai wani ɗan labari a gefen wannan kambu da ya kamata a faɗa, don adalci. Wanda ya zo na biyu wani sabon yaro ne na Detroit Lions, Barry Sanders, da yadi 1,470. Yadi 10 ne kawai tsakaninsu. A wasan ƙarshe na kakar, ƙungiyar Sanders tana gaba, an riga an fitar da shi ya huta, sai aka gaya masa saura kaɗan ya wuce Okoye, ko zai koma? Ya ƙi komawa. Bai ga dalilin shiga wasan da an riga an ci don neman suna ba. Wannan Sanders ɗin daga baya ya zama ɗaya daga cikin mafiya gwaninta a tarihin wasan. Kambu dai na Okoye ne, da guminsa ya same shi, amma halin da Sanders ya nuna shi ma abin a yaba ne.

A wannan zamanin ne laƙabinsa ya bazu, Nigerian Nightmare, wato mugun mafarkin da ya fito daga Najeriya. Ni dai Dodon Najeriya nake fassara shi. Masu tsaro sukan taru biyu ko uku kafin su kai shi ƙasa. A 1991 kamfanin Tecmo ya fitar da wani wasan bidiyo na na'urar Nintendo mai suna Tecmo Super Bowl. A cikin gem ɗin, in ka ɗauki Okoye, masu tsaro in sun taɓa shi sai su yi tsalle su faɗi can gefe. Yaran Amurka da yawa da ba su san inda Najeriya take a taswira ba, ta nan suka fara jin sunan ƙasar. Ku duba fa, mutumin da ba a ga ya cancanci sa rigar ƙasar ba, shi ne ya yi ta yawo da sunanta a bakin miliyoyin mutane.

Amma Hausawa sun ce gaba da gabanta. A watan Satumba na 1990, a wasan daren Litinin da duk ƙasar ke kallo, Chiefs suka je Denver. Okoye ya karɓi ƙwallo ya taho da ƙarfinsa, sai wani mai tsaron baya na Denver Broncos, Steve Atwater, wanda Okoye ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ya tare shi gaba da gaba. Okoye ya koma da baya ya zube. Har yau bidiyon yana yawo a YouTube. Wasu suna cewa daga ranar Okoye bai sake zama yadda yake ba. Lissafi bai goyi bayan wannan maganar sosai ba. A 1990 ya yi yadi 805, yana raba aiki da wani ƙaton mai suna Barry Word, sannan a 1991 ya dawo ya yi yadi 1,031 da tachdawun 9, ya sake zuwa Pro Bowl. Karo ɗaya bai gama da shi ba. Tarin karo ne ya gama da shi, musamman gwiwa.

A 1992 yadi 448 ya yi, kuma ita ce kakarsa ta ƙarshe, yana da shekara 31. Jimilla kaka shida, an ba shi ƙwallo sau 1,246, ya yi yadi 4,897, ya ci tachdawun 40 da gudu. Lokacin da ya bari, babu wanda ya kai shi yawan yadi a tarihin Chiefs, sai daga baya Priest Holmes ya wuce shi. A shekarar 2000 ƙungiyar ta sa shi cikin jerin gwarazanta na dindindin.

Yanzu ku ɗauki wayarku ku yi wannan lissafin. Yadi 4,897 bai cika kilomita huɗu da rabi ba. Tafiyar da ɗan makaranta a ƙauye ke yi da ƙafa kafin ya isa aji. Abin da mutumin nan ya yi shekara shida yana tarawa ke nan, kuma kusan duk yadi huɗu sai an kayar da shi ƙasa. Faɗuwa sama da dubu, ban da ta wurin atisaye, ban da karon da yake yi in yana share wa wani hanya. Mai kallo yana ganin tafi da kuɗi, amma ga abin da ake biya da shi.

Wannan ya kawo mu ɓangaren da ya fi nauyi a shirin yau. A kakar 1989, cikin manyan 'yan gaba da ke buɗe wa Okoye hanya akwai wani dattijon ɗan wasa, Mike Webster. Ya yi shekara 15 a Pittsburgh Steelers, ya ci kofin Super Bowl huɗu, sannan ya ƙarasa shekara biyunsa na ƙarshe a Kansas City. Bayan ya yi ritaya rayuwarsa ta rikice. Mantuwa, damuwa, rashin barci, har ya kai yana kwana a mota. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da aka ba aikin binciken gawarsa a Pittsburgh, ku canki ɗan ina ne? Ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambara, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka.

Omalu bai tsaya a kan abin da ido ke gani ba. Ya yanka ƙwaƙwalwar ya duba ta a madubin likita, ya tarar da wani irin furotin ya taru ya lalata ta, irin lahanin da da can aka fi sani a wurin tsofaffin 'yan dambe. A 2005 ya buga sakamakon a mujallar likitoci. Cutar ita ce ake taƙaita sunanta da CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa sakamakon yawan buguwar kai. Likitocin da ke aiki da NFL suka nemi a janye rubutun. Ba a janye ba. A 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. A 2015 aka yi fim a kan Omalu mai suna Concussion, Will Smith ne ya fito a matsayinsa. A 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar a 110. A yi hattara da wannan adadi, don iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar yawanci waɗanda dama suka ga alamu ne, saboda haka ba ya nufin kowane ɗan wasa yana da ita. Kuma ba cewa nake Okoye yana da ita ba. Abin da nake nuna muku shi ne, a tarihin wasan nan akwai 'yan Najeriya biyu da Mike Webster ya haɗa. Ɗaya ya bi bayansa ya ci kambu, ɗaya ya buɗe kansa ya gaya wa duniya gaskiyar da masu kuɗin wasan ba sa son ji. Kuma binciken Omalu ya shafe mu kai tsaye. Ƙwaƙwalwa ba ta san bambancin hular kwano da dunƙulen ɗan dambe ba. Duk mai son damben gargajiya, kuma ina cikinsu, ya kamata ya fara tambaya ko akwai likita a bakin fili, da kuma kwana nawa ake ba wanda aka sumar kafin ya sake shiga.

Shi Okoye bayan ya ajiye wasa ya zauna a Kalifoniya. Ya kafa gidauniya da sunansa da ke shirya wa yara marasa galihu horon wasanni kyauta tare da ƙarfafa musu karatu, ya kuma jagoranci kafa zauren karrama gwarazan wasanni na jihar. Matsayin da ya buga kuwa, wato fulbak, yanzu ya ja baya. Wasan ya koma na jifa, ƙungiyoyi sun fi son ƙarin mai cafe ƙwallo a kan ƙaton mai share hanya, har wasu ba sa ajiye fulbak ko ɗaya. Waɗanda suka rage, irin su Kyle Juszczyk na San Francisco, wanda ya yi karatu a Harvard, sai da suka iya abu uku ko huɗu kafin su tsira da aikinsu. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Ita kanta Azusa Pacific ta rufe ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka a ƙarshen 2020. 

To yau ina aka kwana? NFL ta gane akwai irin su Okoye da yawa a nahiyar nan. Tun 2017 tana da shirin ɗauko 'yan wasa daga wajen Amurka. Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya tashi a Landan, ta nan ya shiga Carolina Panthers. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl biyu da New York Giants, yana shirya gwaji ga matasa a Najeriya, kuma a 2022 NFL ta yi sansaninta na farko a Afirka a ƙasar Gana. Ƙofar ta fi ta zamanin Okoye faɗi. Amma ku ji lissafi kafin wani ya sayar da babur ɗinsa. A cikin ɗaliban jami'o'in Amurka da ke buga wasan, waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Zaɓen shekara gaba ɗaya bai wuce mutum 260 ko kusa da haka ba. Wanda ya shiga ma, a matsakaici shekara uku da 'yan watanni yake yi. Saboda haka duk wanda ya zo maka a WhatsApp ya ce ka turo kuɗi zai kai ka Amurka wasa, ka riƙe kuɗinka. Okoye bai biya dillali ba. Sakamakonsa a fili da gurbin karatu ne suka kai shi.

Akwai kuma wani sabon abu. A 2028 gasar Olamfik za ta koma Los Angeles, garin da aka hana Okoye shiga fili a 1984, kuma karo na farko za a buga wani nau'in ƙwallon Amurka a gasar. Shi wannan babu karo a cikinsa. Ƙyalle ake ratayawa a ƙugu, in an fizge naka an tsayar da kai ke nan. Mutum biyar-biyar ne, maza da mata duk suna bugawa, ba ya buƙatar hular kwano ko kayan tsada. A 2025 tawagogin Najeriya, ta maza da ta mata, suka ci gasar Afirka ta wannan wasa a Alƙahira. Wasa ne da kowace makarantar sakandare mai fili za ta iya farawa da ƙwallo ɗaya da tsummoki.

Abin da nake so mu tafi da shi gida guda uku ne. Na farko, ga matashin da ke ganin ya makara, shekara 23 ba ƙarshen duniya ba ce, amma ka lura Okoye ba daga kan katifa ya tashi ya zama gwani ba. Shekarun da ya yi yana jifa su ne jarinsa, wurin kasuwar kawai ya canza. Na biyu, jiki jari ne mai ƙarewa. Kaka shida ya yi, ya bari yana 31, kuma rayuwar da ta biyo baya ta fi ta filin tsawo nesa. Duk mai neman abinci da ƙarfinsa ya tanadi abin da zai riƙe ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Na uku namu ne gaba ɗaya. Duk inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta ko ƙaramar hukuma ko jiha, mu nemi a bayyana ma'aunin tun kafin gwaji, a kuma manna sakamakon kowa a bango. Agogo da tef ɗin awo ba su san ɗan wane ba.

Tambayar wannan makon ita ce, a unguwarku ko makarantarku, wane wasa ne ban da ƙwallon ƙafa kuke ganin akwai masu baiwarsa amma babu inda za su nuna? Ku rubuto mana a ƙasa, ku faɗi garinku, amma kada ku sa sunan kowa ba da izininsa ba. Za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda ya ji daɗin wannan ya tura wa abokinsa, musamman wancan ƙaton da kullum ake tsokana da cewa ya cika ci.